Zaman gem na bi-da-bi a shagon caji, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu

4 ga Nuwamba

An gama yankan riɗi, gero ya shiga rumbu, samarin ƙauyenmu sun samu sararin zaman dare. Tun da na buɗe shagon caji a nan ƙasar Ringim, PlayStation 2 ɗin da ke kan teburina ba ta san komai ba sai ƙwallo da dambe. Mutum biyu su riƙe fad, sauran su yi cirko-cirko a kansu, kafin minti goma an tashi da musu. A wannan hunturun ina so in gwada wani abu daban: gem ɗin labari, wanda ake kira RPG, musamman tsofaffin nan da ake faɗa bi da bi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda suke. Kana jan ayarin mutum uku ko huɗu daga gari zuwa gari, kuna sayen makamai, kuna jin labari a bakin mutane. In kun yi karo da abokan gaba sai komai ya tsaya. Ka zaɓa wa kowa aikinsa, wannan ya kai sara, wancan ya ba ɗan'uwansa magani, na uku ya tsare kansa, sannan su ma su rama. Saurin yatsa ba ya fisshe ka, sai lissafi. Mutanen Japan ne suka shahara a wannan fanni tun daga Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987, duka biyun a kan Famicom, wadda aka kwaikwaya aka yi 'yar na'urar nan mai kaset rawaya da muka buga Mario a kanta muna yara.

Na buga da dama daga cikinsu lokacin ina karatu a Kano, a kwamfutar abokin ɗakina. Amma abin da ya yi wa mutum ɗaya daɗi a ɗaki ba lallai ya yi wa majalisa ba. Don haka da abu uku zan auna kowane gem: Turanci nawa yake bukata, yaya nisan wuraren yin sebin (ajiye wasa a inda aka tsaya), kuma wanda ba ya riƙe da fad yana da ta cewa ko babu.

Kayan da ke ƙasa: fanel biyu na sola, batir ɗaya, talabijin inci 24 mai cin wutar batir kai tsaye, da PS2 siririya. Yayana da ke sayar da kayan gwanjo a Legas ya ce akwai ƙaramar Super Nintendo a cikin kayan da ya buɗe, zai aiko min.

9 ga Nuwamba

Na shiga Kano ta 'Yankaba na wuce Sabon Gari. Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 5,000. A ƙasan kwalin faifai, inda hannu ba ya kaiwa, na tono Final Fantasy VII mai faifai uku, Final Fantasy X da Dragon Quest VIII. Mai shagon ya haɗa min su a 9,000, yana ta mamakin wanda zai sayi gem ɗin surutu. Ƙarin fad ɗaya 6,500.

Ya nuna min wata 'yar Nintendo da aka rubuta gem 620 a kwalinta, na ce a'a. Masu niyyar saye su kula. Ƙaramar Super Nintendo ta ainihi, wadda ta fito a 2017, gem 21 ne kawai a cikinta. Masu ɗaruruwan nan jabu ne, gem ɗin zamanin Famicom ne aka yi ta maimaitawa ana sauya musu suna, kuma da wuya ka samu RPG a ciki.

12 ga Nuwamba

Daren farko, bayan Isha'i. Mun sa Final Fantasy VII, na 1997. Na PlayStation ta farko (PS1) ne, amma PS2 tana karanta faifanta.

Farkon ya kama su nan take. Jirgin ƙasa ya tsaya, jarumin labarin, Cloud, ya diro da takobin da ya kusa kai tsawonsa, shi da Barret za su fasa tashar wani kamfani da ke zuƙo ran ƙasa yana yin wutar lantarki da shi. Bos na farko, wato babban abokin gaba, kunamar ƙarfe ce. In ta ɗaga wutsiya ba a taɓa ta, wanda ya kai mata sara za ta watso wa kowa wuta. Yaron da ke riƙe da fad ya saba da dambe, bai san a tsaya ba, ya danna, jinin mutum biyu, wato ma'aunin ransu, ya zube kusan rabi. Sai ga bencin baya ya kaure: "Kai, dakata mana! Bari ta sauke!" Wannan ihun shi ne abin da nake nema. Mutanen da ba sa riƙe da komai sun shiga wasan.

Matsalar ta ɓullo ne a wurin sebin. Katin memori na jone a na'ura, wanda ƙwallo ke ajiya a kansa kullum, amma gem ɗin ya ce babu komai a ramin. Na cire na hura na mayar, na sauya rami, shiru. Dalilin shi ne gem ɗin PS1 ba ya ganin memorin PS2 mai 8MB ko da a cikin PS2 kake buga shi. Nasa yake so, tsohon nan mai gurbi 15. Kamanninsu ɗaya, raminsu ɗaya, amma aikinsu ya bambanta.

Muka ci gaba a haka har muka fito daga tashar kafin agogon minti goma ya ƙare, muka shiga unguwar talakawa ta ƙarƙashin birnin Midgar. Da lokacin tashi ya yi suka roƙe ni in bar na'urar a kunne har gobe. Ba zai yiwu ba. Akwai wayoyin mutane fiye da ashirin a kan batirin nan, kuma su ne abincina. Na kashe, aikin daren ya tafi.

14 ga Nuwamba

Na kira mai shagon. Yana da memorin PS1, naira 4,000, zai ba direba. An koma ƙwallo kafin nan.

17 ga Nuwamba

Saƙon Yaya ya iso a hannun direban tirelar da ke kai shanu kudu. Na ba shi na goro 2,000. Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba, da fad biyu.

Cajar waya take ci. Na jona ta da fawa bank ta tashi, ke nan ba ta ma san da batirin shago ba, talabijin ne kawai ke ja. Sannan in ka danna Reset tana ba ka damar ajiye wasa a daidai inda kake, gurbi huɗu ga kowane gem. Ga mai wutar sola wannan ya fi komai. Wayar fad ɗin ce gajera, kusan mita ɗaya da rabi, sai da na jawo benci gaban talabijin.

Na bi-da-bi uku ne a ciki: Super Mario RPG, Final Fantasy III da EarthBound. Secret of Mana ma na nan, amma shi sara ake yi kai tsaye, ba ya cikin lissafina.

19 ga Nuwamba

Super Mario RPG, 1996, haɗin gwiwar kamfanonin Square da Nintendo. Duk wanda zai koya wa mutane irin wannan gem, da shi zai fara. Kowa ya san Mario. Abokan gaba ana ganinsu suna yawo, in ka ga dama ka kauce. Turancin kaɗan ne, rabin labarin ma da kwaikwayo Mario ke ba da shi, tun da ba ya magana. Kuma akwai dabara ɗaya da ta riƙe 'yan ƙwallo: bayan ka zaɓi duka, in ka sake danna maɓallin a daidai lokacin da dukan ke sauka, ƙarfinsa na ƙaruwa. Haka ma wajen tsare kai. Yatsa bai zauna banza ba.

Mun kafa doka: bayan kowane faɗa fad ya wuce hannun na gaba. Wani ɗan aji uku na ƙaramar sakandare shi ke karanta rubutun da ƙarfi yana mayarwa Hausa. Yana ƙara gishiri son ransa, ina ji ina ƙyale shi.

23 ga Nuwamba

Mario dai. Memori ya iso, na ajiye shi tukuna.

26 ga Nuwamba

Maganar kuɗi ta taso, kuma ta fi ta memori wuya.

Ƙwallo lissafinta a fili yake, wasa ɗaya naira 100, wanda aka ci ya biya. RPG ba ya yankuwa haka. Na fara da sayar da lokaci, minti 15 a naira 100, sai abin ya ɓata wasan gaba ɗaya. Wanda ya biya ba ya son a tsaya karatu, danna rubutun yake ya wuce. Ba ya shiga kanti ya saya wa ayari sulke, don a ganinsa kuɗinsa ke ƙonewa. Shawarar benci kuma ba ya ji, ai shi ya biya. Suka isa wurin bos babu magani ko ɗaya, aka yi musu kaca-kaca, aka fara zargin juna. Cinikin dare kuma ya faɗi ƙasa da rabin abin da ƙwallo ke kawowa.

Sabon tsari daga yau: karo-karo. Duk mai son shiga ayari ya ba da 100 na daren gaba ɗaya, ya zauna a benci, fad zai zo kansa, kuma yana da baki a shawara. Masu tsayuwa kallo kyauta ne. Ƙwallo ta koma tsakanin La'asar da Magariba. Daren yau mutum tara suka biya. Bai kai na ƙwallo ba, amma babu wanda ya danna rubutu ya wuce.

1 ga Disamba

Mun gama Mario jiya. Inda Bowser ya shigo ayarinmu shi ne wurin da aka fi yin ihu, wai yau bos ya zama namu.

Yau muka buɗe Final Fantasy III, wanda a gaskiya na shida ne. A Japan ya fito a 1994 da sunan VI, amma da yake ba a kai wa Amurka na biyu da na uku da na biyar ba a lokacin, sai suka lissafa shi na uku. Mai nema a waya yanzu, VI zai rubuta.

Wannan ya fi Mario nauyi nesa ba kusa ba. Mutum 14 ake iya jawowa cikin ayari, kowa da sana'arsa: Locke na sata, Edgar na harbi da injuna, Cyan na tara ƙarfi ya saki sara. Babu jarumi guda, shi ya sa kowa a benci ya ɗauki nasa. Abu biyu na gyara a saitin tun kafin a fara. Na farko, faɗan nan yana da agogo, tsarin da suka shigo da shi tun na huɗu a 1991, inda abokin gaba ke iya dukanka kana tunani. Na mayar da shi Wait, yadda agogon zai tsaya in an shiga jerin magani ko sihiri, na kuma rage saurin faɗan. Na biyu, gem ɗin na yarda a raba mutanen ayari tsakanin fad biyu a lokacin faɗa. Mutane da yawa ba su san da wannan ba. Yanzu hannu biyu ke aiki a lokaci guda, layi na saurin zagayowa.

Aibinsa a wurinmu: abokan gaba ba a ganinsu, kana tafiya kawai sai allo ya juye. A cikin kogo abin na gundura.

7 ga Disamba

Mun maƙale a kan dutsen Kolts, wurin faɗa da Vargas. A ƙarshen faɗan Sabin, ɗan damben ayarin, ke rage shi kaɗai, kuma dole sai an yi wani naushi na musamman: a zaɓi Blitz, a danna hagu, dama, hagu, sannan a tabbatar. Masu natsuwar cikinmu duk sun kasa, ƙidayar mutuwa na ta sauka a kan Sabin. Wanda ya fitar da mu shi ne gwanin dambe na rana, wanda tun farko yake cewa wannan gem na tsofaffi ne. Tun daga nan Sabin ya zama nasa, ba ya fashin biyan 100.

10 ga Disamba

Mahaifin mai fassararmu ya zo da hantsi, na shimfiɗa masa tabarma. Bayan gaisuwa ya ce an gaya masa yaron na karanta tsafi a shagona.

Na ce, "Baba, ku ba ni dama in kunna ku gani da idonku."

Na nuna masa. Ban ɓoye masa cewa akwai sihiri a labarin ba, ana jefa wuta da ƙanƙara, akwai dodanni, duk ƙage ne na masu zane. Na nuna masa kuma rubutun da yaron ke karantawa. Ya sa aka kira shi daga gida, ya ce ya karanta. Yaron ya karanta, ya fassara, wannan karon babu gishiri. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, na ji. Amma ƙarfe goma ya kasance a gida, kuma ranar da na ji ya makara makarantar asuba, shi ke nan."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Na mayar da ita doka ga duk 'yan makaranta. Ƙarfe goma su tashi, manya su ƙarasa zuwa da rabi.

15 ga Disamba

Hazo ya sauko sosai. Rana ba ta fitowa sai ta yi fari fat, ƙura ta lulluɓe fanel, batir ba ya cika. Shekaranjiya manya suka matsa a koma Final Fantasy VII tun da memori ya zo. A cikin Midgar ba a sebin sai a wurare na musamman, kuma tsakaninsu da nisa. Muna tsakiyar hawa ginin kamfanin, kusan awa guda da barin wurin sebin na baya, inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Babu wanda ya yi magana, kowa ya nemi takalminsa.

Ƙurar ta shiga PS2 ɗin ma. Faifai na juyawa ya tsaya, fim ya riƙa sarƙewa. Na buɗe murfin na goge idon da ke karanta faifai da auduga da ɗan sifirit, a hankali, ya dawo. Na dinka mata riga da tsohon zani. Fanel kuma yanzu kullum da safe ƙanena ke hawa ya goge da tsumma mai laima.

Hukunci: PS2 sai ranar da gari ya washe. Daren hazo na ƙaramar na'ura ne.

Shi kansa VII, ra'ayina ya sauya a kansa da na kalle shi a gaban jama'a. Tsarin Materia, duwatsun da ake sakawa a makami su ba da sihiri, yana da daɗin lissafi. Amma bakin Barret ba shi da linzami, kuma akwai unguwar Wall Market da ba zan so ɗan wani ya fassara ta a shagona ba. Na manya ne, bayan yara sun tashi.

19 ga Disamba

Mun ɗan huta da EarthBound, na 1994, wanda ya isa Amurka a 1995. Yaro ne da hula da sandar ƙwallo a wani gari irin na Amurka. Ana sebin ta hanyar buga wa mahaifi waya, shi ke kuma zuba maka kuɗi a banki ka cira a ATM, abin da ya ba su dariya ƙwarai. Jini ba ya zubewa lokaci guda, lambobin gangarowa suke a hankali, in ka yi sauri ka sha magani kafin su kai sifili ka tsira. Dabara mai kyau.

Duk da haka bai zauna ba. Daɗinsa na cikin barkwancin Turanci, kuma in aka fassara sai ya zama lami. Jaka ma 'yar ƙarama ce, kullum a cike. Na bar shi ga mai son bugawa shi kaɗai da rana.

24 ga Disamba

Rigima. Wani ƙaramin yaro ya kunna Final Fantasy VI da rana ina wurin alwala, ya fara sabon wasa, ya danna Reset, ya ajiye a kan gurbin ayari. Da dare aka buɗe sai ga mu a garin Narshe, farkon labari. Saura kaɗan a je har gidansu.

Allah ya taimaka akwai tsohon ajiya a gurbi na huɗu, na kafin gidan waƙa na opera. Mun yi asarar darare, amma ba duka ba. Na'urar na da makulli: in ka haska gurbi ka danna ƙasa, ya kulle, ba a rubutu a kansa. Yanzu ajiya biyu nake yi, ɗaya a kulle. Na hana a taɓa yaron.

29 ga Disamba

Na sayar da buhun zoɓo, na sayi Mega Drive Mini ta gwanjo, wadda ta fito a 2019, gem 42 a ciki. Naira 38,000 har kuɗin mota. Ita ma cajar waya take ci. Saboda gem biyu na saye ta, Shining Force da Phantasy Star IV.

Shining Force, 1992, shi ne ya fi kowanne dacewa da majalisa a duk abin da na gwada. Filin yaƙi a yanke yake gida-gida, kana da mayaƙa har 12, kowa da iyakar takunsa. Mai doki na nisa, mai baka na harbi daga baya, mai magani ba ya jure duka, dole a kare shi. Tunanin da ake yi a dara shi ake yi a nan: kafin ka ajiye, ka duba abin da za a ci maka. Babu agogo ko kaɗan, sai a yi minti biyar ana gardamar taku ɗaya.

Kuma ba ya horo mai tsanani. Mayaƙin da ya faɗi ana biya a gari a tashe shi, ba irin Fire Emblem ba, wanda tun na farkonsa a 1990 in mutum ya mutu ya tafi ke nan. In shugaba Max ne ya faɗi, a mayar da ku gari a cire rabin kuɗinku, amma ƙwarewar da aka tara tana nan. Yana ma da sihirin janyewa daga fili in an ga ba dama. Turanci kusan ba a bukatarsa a lokacin yaƙi, lamba ce da taswira.

Kawuna mai shayi, wanda bai taɓa kallon talabijin ɗin nan sau biyu ba, ya tsaya da buta a hannu yana kallo. Can sai ya ce, "Kai, ɗan nan, wa ya ce ka tura mai bakan gaba? Ja shi bayan dokin." Na ce, "Kawu, ga fad." Ya ce shi ba ya taɓa wannan abin, a dai yi yadda ya ce. Aka yi, aka ci.

Ga mai ɗaukar shawara: a mataki na 10 ake iya ɗaga darajar mayaƙi, kuma kada a bar Max ya yi ta kisa shi kaɗai, a riƙa bar wa raunana dukan ƙarshe don su ma su girma.

4 ga Janairu

An raba mako: dare uku Final Fantasy, uku Shining Force, daren Juma'a hutu. A Final Fantasy duniya ta tarwatse a tsakiyar labari, Kefka, babban mugun labarin, ya yi nasara, mutane sun watse. Wasu sun zaci ƙarshen ke nan. Kafin nan, a tsibirin da ke shawagi, na sa sun jira Shadow, ɗaya daga cikin 'yan ayarin, har agogo ya kusa ƙarewa, don in aka yi tsalle aka bar shi ba a sake samunsa.

9 ga Janairu

Gari ya washe kwana biyun nan, PS2 ta fito daga rigarta.

Final Fantasy X ya fi kowanne koyar da bi-da-bi a fili. Jerin waɗanda za su yi wasa na gefen allo, kana ganin wa ke biye da wa, kuma kana iya sauya mutum a tsakiyar faɗa. Abokin gaba mai tashi sama na Wakka ne, mai sulke na Auron, mai gudu na Tidus. Ana magana da murya, mai fassara ya huta. Amma fim ya yi yawa, ba a iya tsallake shi, batir na tafiya ana kallo. Shigar wasu matan ma ba ta majalisar yara ba ce.

Dragon Quest VIII, 2004, ya fi shi kunya da sauƙin kai. Zanen Akira Toriyama ne, mai Dragon Ball, wanda ya rasu a 2024, yaran suka gane hannunsa nan take. In an kashe ku rabin kuɗi kawai ake cirewa. Cikas ɗinsa ɗaya: ba a sebin sai an koma cocin gari, ga fili mai faɗi. Da batir ɗaya ba zan fara shi ba.

Phantasy Star IV na 1993 na ɗan taɓa shi ni kaɗai. Sauri gare shi, labarin na zuwa da hotuna irin na littafin zane, kuma ana iya tsara umarnin ayari gaba ɗaya a ajiye, a kira shi da dannawa guda. Shi ne zai gaji Final Fantasy.

15 ga Janairu

Hasumiyar Kefka. Dole a raba mutane ayari uku, kowanne da hanyarsa, wani na taka maɓalli ya buɗe wa wani ƙofa. Na raba benci gida uku, kowane rukuni da ayarinsa. An yi daren farko ana rabon mutane kawai, kowa na son Sabin da Edgar. Jiya aka gama. Ƙarfe goma ta wuce da kwata, na raka mai fassara har ƙofar gida na ba da haƙuri.

18 ga Janairu

Lissafi. Abin da na kashe tun Nuwamba, faifai, fad, memori, mota da Mega Drive, naira 64,500. Karo-karo na kawo tsakanin 900 da 1,300 a dare. Bai mayar da kuɗin ba tukuna, sai dai masu zuwa zama na barin wayoyinsu a caji, kuma Kawu ya ce shayinsa na dare ya ƙaru.

Masu shagon gem biyu daga ƙauyukan kusa sun tambaye ni da me za su fara. Na ce Super Mario RPG, sannan Shining Force, sannan Final Fantasy VI in sun samu mai karatu. Kada su fara da na faifai in sola ce wutarsu, kuma kada su sayar da lokaci.

Na gaba: Phantasy Star IV daga mako mai zuwa. Ina neman Chrono Trigger na 1995, wanda Hironobu Sakaguchi na Final Fantasy, Yuji Horii na Dragon Quest da Toriyama suka haɗu a kansa. Gajere ne, ana ganin abokan gaba, ƙarshensa ya fi goma. Ba ya cikin ƙaramar Nintendo. Akwai shi a faifan Final Fantasy Chronicles na PS1, 2001, sai dai yana jinkiri duk lokacin da za a shiga faɗa ko a buɗe jaka, akwai kuma na waya. Na ce wa Yaya ya sa ido a kansa da Suikoden II, mai mutum 108 da ake tarawa a gina musu sansani. Kafin su zo, batir na biyu. An yi min kuɗinsa, sai an girbe albasar fadama.